Ɗakin Kunama: Tarihin Zaman Mutanen Yammacin Luksor da Maƙwabciyarsu Mai Dafi

A gaɓar yamma ta Kogin Nilu, daura da birnin Luksor da ke kudancin Masar, ƙasar noma ba ta da faɗi, domin tafiyar 'yan kilomita kaɗan daga bakin ruwa ta isa ta kai mutum inda baƙar ƙasa take yankewa, dutse da rairayi su karɓa, har ana iya tsayawa ƙafa ɗaya a gona ɗaya a hamada. A kan wannan iyaka mutanen yankin suka fi kafa gidajensu tun zamanin fir'aunoni, saboda ba a ɓarnar ƙasar noma da gini a inda take da ƙaranci, kuma ambaliyar da kogin yake yi a da kowace shekara, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, takan shafe duk abin da ke kwari ta bar tudu kaɗai. Sai dai tudun da mutum ya zaɓa don ya tsira daga ruwa shi ne mazaunin kunama na asali, lokacin da ruwa yake koro duk wani mai rarrafe zuwa sama kuwa shi ne lokacin tsananin zafi, wanda kunama ta fi yawo a cikinsa da dare. Wannan gefen dutse ya bar shaidar yadda aka yi wannan zaman tare na fiye da shekara 3,000, wani sashe a rubuce, wani kuma a gine da laka, kuma sassan biyu ba labari ɗaya suke bayarwa ba.

Kunamar da ake tsoro a can ƙarama ce, rawaya, mai siraran hannuwa, wadda masana halittu suke kira Leiurus quinquestriatus, sai kuma danginta masu kaurin wutsiya da ake tarawa a ƙarƙashin sunan Androctonus, kalmar Girkanci mai nufin makashin mutum. Waɗannan kunamu da 'yan uwansu na kusa sun bazu a faɗin Sahara har gefenta na kudu, shi ya sa likitocin Agadez suka san irin ɓarnar da suke yi wa yara kamar yadda likitocin Aswan suka sani. Mai karatu da ya saba ganin duwu, wato baƙar ƙatuwar kunamar nan mai manyan hannuwa, yana iya zaton girma shi ne ma'aunin haɗari, alhali dafin duwu bai kai na wannan 'yar rawaya ba ko kusa, domin kunamar da ke da ƙarfin hannu da shi take kama abincinta, wadda hannunta ya yi siriri kuwa da ƙarinta ta dogara.

Fahimtar abin da dafin yake yi a jiki ita ce mabuɗin duk tarihin da zai biyo baya. Dafin yana ɗauke da wasu ƙananan sinadarai da suke maƙalewa a ƙofofin da gishirin sodiyam yake bi ya shiga ƙwayoyin jijiya, su hana ƙofofin rufuwa a kan lokaci, sai jijiyoyin su yi ta aika saƙo babu ƙaƙƙautawa. A jikin babban mutum mai lafiya, yawanci abin yakan tsaya ga raɗaɗi mai tsanani da zugi a gurbin harbin, wanda yake lafawa da kansa cikin yini ɗaya ko biyu, musamman da yake kunama ba kullum take zuba duk dafin da ke ƙarinta ba. A jikin ƙaramin yaro kuwa, wanda nauyinsa bai taka kara ya karya ba, dafi daidai wancan yana iya tayar da jijiyoyin da ke sarrafa zuciya da numfashi, sai a ga gumi da dalala da amai, bugun zuciya ya rikice, daga baya zuciyar ta gaza, ruwa ya taru a huhu, yaron ya rasa numfashi. Abin da wannan yake nufi shi ne, duk wani magani da aka yi wa babba, ko da ruwan randa ne, zai samu shaidar cewa yana aiki, amma gwajin gaskiya na kowace dabara yana kan gadon yaro.

Tsohuwar shaida mafi bayyana ta fito ne daga ƙauyen da yanzu ake kira Dair al-Madina, wanda mazaunansa suke kira Wurin Gaskiya, wani ƙaramin gari mai ganuwa da ke cikin kwarin dutse, mai gidaje kimanin 70 manne da juna. An kafa shi wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) domin magina da masassaƙa da masu zanen da suke haƙa kaburburan sarakuna a Kwarin Sarakuna, kuma an zauna a cikinsa fiye da shekara 400. Da yake aikin na hukuma ne, magatakarda suna rubuta komai a kan ɓallin farin dutse da tsingaro, waɗanda suka fi takardar fafiras araha, kuma dubbansu sun fito a tonon da Bafaranshen nan Bernard Bruyère ya jagoranta daga 1922 zuwa 1951 da waɗanda suka gabace shi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan duwatsu, wanda yake ajiye a Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan, rajista ce ta fashin aiki ta shekara ta 40 ta mulkin Fir'auna Ramsis na Biyu, wato wajen 1240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gaban sunan kowane ma'aikaci an jera ranakun da bai zo ba da uzurinsa, kamar rashin lafiya, da dafa giya, da shirya gawar ɗan uwa, kuma a cikin waɗannan uzurori na yau da kullum akwai harbin kunama, an rubuta shi ba tare da wani ƙarin bayani ba, kamar abin da kowa ya san yana faruwa.

Hukumar da ke ciyar da wannan ƙauye ba ta bar lamarin ga sa'a ba, domin a cikin waɗanda take ba hatsi akwai likita, akwai kuma mai riƙe da wani muƙami da ake kira kherep Serket, wato mai iko da Serket. Serket abar bauta ce a addinin mutanen wancan zamani, ana sassaƙa ta a siffar mace da kunama a kanta, kamar yadda ake ganinta a mutum-mutumin nan mai ruwan zinariya da aka samu yana gadin akwatin kayan cikin Fir'auna Tutankhamun a kabarinsa da aka gano a 1922. Cikakken sunanta yana nufin wadda take sa maƙogwaro ya yi numfashi, kuma wannan suna kaɗai ya isa ya nuna cewa mutanen sun lura da kyau ta inda mutuwa take zuwa wa wanda kunama ta harba. Mai wannan muƙami shi ne gwanin cizon maciji da harbin kunama, yana haɗa karatun tsafi da magungunan shafawa da na sha, kuma ana samun sunan irinsa a cikin ayarin da ake turawa haƙar ma'adinai a Sina'i, inda ma'aikata suke kwana a tsakanin duwatsu. Wata takardar fafiras da ke Gidan Tarihin Brooklyn a Amurka, wadda Serge Sauneron ya nazarta aka buga a 1989, littafin aiki ne na masu wannan sana'a, ko da yake sashen da ya tsira ya fi magana a kan macizai, yana siffanta kowane iri, yana faɗin wanda ake warkewa daga cizonsa da wanda ba a warkewa.

Karatun da suke yi wa wanda aka harba yawanci labari ne, kuma mafi shahara a ciki shi ne na Isis da kunamu bakwai. A cikin wannan tatsuniya ta addininsu, abar bautarsu Isis tana gudun hijira a fadamun arewacin Masar, kunamu bakwai suna yi mata rakiya, sai ta isa wani gari inda wata mai dukiya ta rufe mata ƙofa, wata matalauciya kuma ta buɗe mata tata. Kunamun suka fusata, shida suka tara dafinsu a ƙarin ta bakwai mai suna Tefen, ta bi ta ƙarƙashin ƙofar mai dukiyar ta harbi ɗanta, uwar ta fito tana kururuwa a gari babu mai amsa mata, har Isis ta ji tausayin yaron da bai yi laifin komai ba, ta kira kunamun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya ta umarci dafin ya fita. Idan aka ajiye ɓangaren bauta a gefe, abin da ya rage hoto ne na gaskiya wanda kowace uwa a ƙauyen za ta gane: kunamar ta shigo ta ƙasan ƙofa, wanda ta samu yaro ne, kuma a daren babu wanda za a kira.

An sassaƙa wannan labari tare da wasu karatuttuka a jikin wani allon dutse da aka yi a zamanin Nektanebo na Biyu, fir'auna na ƙarshe ɗan ƙasa, wanda ya yi mulki daga 360 zuwa wajen 343 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ana kiran allon da sunan Metternich, saboda mai mulkin Masar Muhammad Ali Basha ya ba da shi kyauta ga wannan babban ɗan siyasar Ostiriya a 1828, yanzu kuma yana gidan tarihi na Metropolitan a Amurka. A fuskarsa akwai hoton Horus ɗan Isis yana yaro, yana tsaye a kan kadoji, ya damƙe macizai da kunamu a hannuwansa, a cikin rubutun kuma har da karatun da ake yi wa kyanwa idan kunama ta harbe ta, abin da ke nuna darajar wannan dabba a gidan da ake fama da masu rarrafe. Yadda ake amfani da irin waɗannan alluna shi ne a kwarara ruwa a kansu ya bi ta kan rubutun, a tare shi a kasko a ba majiyyaci ya sha, kuma akwai ƙanana da ake ajiyewa a gida ko a rataya a wuya. Bahaushe zai tuna da rubutun sha nan take, amma kamanni ba ya tabbatar da gado, domin tunanin cewa ruwa yana ɗaukar albarkar rubutu ya ɓulla a wurare da dama waɗanda babu wata hanya da ta haɗa su.

Addinai sun sauya, buƙatar ba ta sauya ba. A juji na tsohon garin Oksirinkus, wato al-Bahnasa ta yau a Masar, an tsinci layu da aka rubuta da Girkanci don tsare ƙofar gida daga kunama, wasunsu sun cakuɗa sunayen tsofaffin ababen bauta da addu'ar Kiristanci, daga baya kuma aka samu layun takarda na Larabci ɗauke da zanen kunamar kanta.

Musulunci ya zo da hukunci bayyananne a kan wannan halitta, domin hadisai sun sanya ta cikin dabbobi masu cutarwa da aka halatta kashewa ko da a Harami, an kuma ba mai salla izinin kashe ta ba tare da sallarsa ta ɓaci ba. A babin magani, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri labarin wasu sahabbai da suka sauka kusa da wata ƙabila, aka harbi shugabanta, ɗayansu ya yi masa tofi da Fatiha ya samu sauƙi, Manzon Allah (SAW) kuma ya tabbatar musu da abin da suka yi. Wannan ya ba ruƙiyya, wato tofi da ayoyi da addu'o'in da shari'a ta yarda da su, gindin zama a gidajen Musulmi daga Masar har ƙasar Hausa, ba tare da ya rufe ƙofar neman magani ba. Likitocin Alƙahira sun ci gaba da nasu ƙoƙari, kuma a wajen 1198 al-Ƙadi al-Fadil, wazirin da ya yi wa Salahuddin hidima, ya nemi likitan nan Bayahude Musa ibn Maimun ya rubuta ɗan taƙaitaccen littafi a kan dafi da makarinsa, wanda mutum zai yi aiki da shi kafin likita ya iso. Shawarar da ya bayar ta haɗa da ɗaure gaɓa a saman gurbin harbin, da tsagawa, da tsotse dafin, sannan a sha tiryaƙi, wato haɗin magunguna masu yawa da aka gada daga likitocin Girka. Likitancin yau ya yi watsi da ɗauri da tsaga da tsotso, saboda dafin kunama yana bazuwa cikin jiki da saurin da babu tsotson da zai cim masa, tsagar kuma ƙarin rauni ce kawai. Amma tambayar da wazirin ya yi, wato me za a yi a tazarar da ke tsakanin harbi da isowar gwani, ita ce tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba a ƙauyukan da ke nesa da asibiti.

Sana'ar mai iko da dabbobi masu dafi ta sake bayyana a wata riga, a hannun mabiya ɗariƙar Rifa'iyya, wadda ake dangantawa ga Shaihu Ahmad al-Rifa'i na Iraƙi da ya rasu a 1182, da kuma Sa'adiyya da ke kusa da ita. Baturen Ingila Edward William Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya wallafa littafi a kan al'adun Misirawa a 1836, ya bayyana yadda ake kiran waɗannan mutane gida-gida su fitar da macizai daga ɓoye, da yadda wasunsu suke wasa da macizai da kunamu masu rai a bainar jama'a, ya kuma kawo zargin da ake yi cewa wani lokaci da macijinsu suke zuwa a ɓoye. Ko mene ne gaskiyar kowane ɗayansu, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana ɗaga duwatsu ya san tsaguwar da kunama take so da wadda ba ta so, kuma wannan sani na ido da hannu shi ne ainihin jarinsa, ko da jama'a sun fi ganin karatun da yake yi.

Duk abin da aka ambata zuwa nan aikin masu rubutu ne, kuma kusan dukkansa yana farawa ne bayan an riga an yi harbin. Ɓangaren da ke hana harbin aukuwa tun farko yana hannun matan gida da magina, waɗanda ba su rubuta komai ba, shi ya sa sai an duba ginin kansa kafin a karanta shi. Gidan tubalin laka yana tsagewa idan ya bushe, rufinsa na azarar dabino da kara ne, a kan soro kuma manoman Masar sun saba jibge karan masara da na auduga da busasshiyar kashin shanu don girki, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan mafaka ce ga kyankyasai da gyare, waɗanda su ne abincin kunama. Saboda haka yawan yaɓe bango da toshe tsaguwa, da shafa farar ƙasa wadda take sa a hango baƙon abu a jikin bango, da sharar tsakar gida kafin magariba, da kakkaɓe shimfiɗa da takalmi da tufa kafin a yi amfani da su, da sakin kaji suna tono a gindin katanga, duk matakan tsaro ne ko da masu yin su suna ɗaukar su a matsayin tsabta kawai. Gado mai ƙafafu, irin angarib ɗin da aka sani a Nubiya da Sudan, yana ɗaga mai barci daga ƙasa, idan kuma aka janye shi daga jikin bango aka sa ƙafafunsa a cikin kwanonin ruwa, hanyar hawa ta yanke.

Mutanen tsohuwar Gurna, ƙauyen da ya bazu a kan tudun kaburburan manyan fadawan fir'aunoni, tafiyar ƙafa kaɗan daga kangon Dair al-Madina, sun kai wannan dabara inda ta zama gini mai suna. A tsakar gidajensu, waɗanda da yawa aka kafa su a bakin tsofaffin kaburbura, a da matan gida suna gina wani abu da laka mai ƙafa ɗaya kamar ginshiƙi, samansa ya buɗe ya yi faɗi kamar babban akushi mai ɗagaggen baki, a ciki ake kwantar da yara su yi barci a sarari lokacin zafi. Sunansa a bakinsu bait al-aƙrab, wato ɗakin kunama, ko da yake amfaninsa shi ne kunamar ta rasa hanyar shiga, domin idan ta hau ginshiƙin sai ta tarar da leɓen da ya fito waje ya yi mata rumfa, ɗagaggen bakin kuma yana hana yaron mirginowa ƙasa. Babu kuɗin da ake kashewa a kansa sai laka da ƙaiƙayi da aikin hannu. Abin lura shi ne wanda aka gina wa shi: manya suna iya kwana a tabarma ko a dakali su ɗauki kasadar raɗaɗin kwana ɗaya, yaro ne aka ɗaga sama, wato matan Gurna sun kai ga sakamakon da ilimin dafi ya tabbatar daga baya, cewa haɗarin mutuwa yana ga ƙaramin jiki.

Wanda ya sa duniya ta san wannan gini shi ne Hassan Fathy, masanin zanen gine-gine ɗan Masar, wanda hukumar kula da kayan tarihi ta ɗora wa aikin gina sabon ƙauye a tsakiyar shekarun 1940, domin a kwashe mutanen Gurna kimanin 7,000 daga kan kaburburan da ake zargin wasunsu da wawashewa. Fathy ya zaga gidajensu kafin ya fara zane, ya ga ɗakin kunama da rumbunan laka ya yaba hikimarsu, a cikin ɗakunan da ya tsara kuma ya gina gado a lungu, ya ɗaga shi, ya yi masa kwarmi a gaba don ya tare kunamar da ta yi niyyar hawa. Aikin ya tsaya bai kammala ba, mutanen kuma yawancinsu suka ƙi tashi, saboda tudun ne tushen abincinsu, sabon wurin kuwa yana kwari. Labarin ya fito a littafinsa na 1969, wanda aka sake bugawa a Amurka a 1973 ya yi suna a matsayin jagora kan gini don talakawa.

A daidai lokacin da matan Gurna suke yaɓa lakarsu, wani sabon abu ya riga ya fara a Alƙahira. Bayan da Albert Calmette na cibiyar Pasteur ya nuna a tsakiyar shekarun 1890 cewa ana iya samar da makarin dafin maciji daga jinin dabba, Charles Todd, wani likitan Ingila da ke aiki a sashen lafiya na gwamnatin Masar, ya gwada hanyar a kan kunama, ya wallafa sakamakonsa a 1909. Hanyar ita ce a riƙa yi wa doki allurar dafi kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, har jikinsa ya ƙera sinadaran kariya da suke kama dafin su ɗaure shi, sannan a ɗebi jininsa a tace ruwan da ke ɗauke da su a yi wa wanda aka harba allura. Étienne Sergent ya yi irin wannan aiki a cibiyar Pasteur ta Aljeriya a shekarun 1930 don kunamun Arewacin Afirka, a Masar kuma samar da makarin ya zama aikin hukumar alluran rigakafi ta ƙasa, wadda aka sani da VACSERA. Wannan shi ne karo na farko a tarihin yankin da aka samu maganin bayan harbi wanda yake taɓa dafin kansa.

Duk da haka makarin bai kashe gardama ba, domin amfaninsa yana rataye da lokaci: yana kama dafin da ke yawo a jini, amma ba ya warware ɓarnar da ta riga ta isa zuciya da huhu. Wani gwaji da aka yi a Tunisiya aka wallafa a 1999 bai ga fa'ida ba a yi wa duk wanda aka harba allurar ba tare da tantancewa ba, wani kuma da aka yi a kan yara a jihar Arizona ta Amurka aka wallafa a 2009 ya ga alamun dafin suna gushewa cikin 'yan sa'o'i, bambancin kuwa yana da alaƙa da irin kunamar, da ingancin makarin, da wanda aka yi wa, da saurin yi. A Indiya, likita Himmatrao Bawaskar da ke aiki a karkarar Maharashtra ya nuna tun shekarun 1980 cewa prazosin, wani maganin hawan jini mai araha, yana rage mutuwa ƙwarai saboda yana sassauta wa zuciya nauyin da dafin ya ɗora mata. Ƙiyasin da Jean-Philippe Chippaux da Max Goyffon suka fitar a 2008 ya nuna ana harbin mutum kimanin miliyan 1.2 a duniya kowace shekara, fiye da 3,250 suna mutuwa, kuma wannan tazara mai faɗi tsakanin adadin biyu ita ce ta raya sunan kowane mai magani tun daga kherep Serket, ita ce kuma take ɓoye cewa a cikin waɗanda suke mutuwar yara ne suka fi yawa.

Yanayin zaman ma ya sauya a rabin ƙarni na baya. Babbar madatsar ruwa ta Aswan da aka kammala a 1970 ta kawo ƙarshen ambaliyar shekara-shekara, wutar lantarki ta haskaka tsakar gida, siminti da jan bulo suka maye gurbin laka a wurare da yawa, masu neman kunama kuma suka samu tocila mai haske na musamman wanda yake sa jikinta ƙyalli da dare, siffar da masana suka bayyana tun 1954. Daga ƙarshen 2006 hukuma ta rushe yawancin gidajen tsohuwar Gurna ta mayar da mutanen sababbin gidaje a wani wuri, ɗakunan kunama da dama kuma suka tafi tare da katangun da ke kewaye da su. Sai dai ruwa bai daina koro kunama cikin gida ba, hanyar zuwansa ce ta canza. A watan Nuwamba na 2021 aka yi ruwan sama da ƙanƙara da iska mai ƙarfi a lardin Aswan, kimanin kilomita 200 kudu da Luksor, yankin da shekara takan wuce ba a ga ɗigon ruwa ba, kwararar da ta gangaro daga duwatsu ta rushe gidajen laka ta kuma kwaso kunamu daga ramukansu zuwa cikin ɗakuna. Fiye da mutum 500 aka harba cikin 'yan kwanaki, aka dawo da likitoci daga hutu, aka rarraba makarin dafi zuwa asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya na ƙauyukan da ke gindin dutse, ma'aikatar lafiya kuma ta sanar cewa babu wanda ya mutu sakamakon harbin.